Ben 10: Anya Kaka Max ɗin Omniverse shi ne na asali?

Nura Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan gida. Maganata a kan katun ɗin Ben 10 ce. Wanda bai kalli jerin Omniverse ba kuma yana da niyya, ya tsallake wannan, domin zan tona labari.

A farko-farkon Omniverse, wanda aka fara haskawa a 2012, akwai kashin da wani tsohon jirgi ya bayyana ɗauke da makami mai suna Annihilaarg. Ɗan mitsitsin akwati ne, kowa ya raina shi. Ana cikin wawaso a kansa sai ya tashi. Ben ya buga agogonsa mai mayar da shi dodanni iri-iri, ya zama Alien X, mafi ƙarfinsu, kuma a gaban idonsa komai ya shafe, garinsu Bellwood da Duniya da taurari gaba ɗaya. Shi kaɗai ya rage. Ya yi ta fama da Serena da Bellicus, muryoyin nan biyu da ke cikin Alien X, har suka yarda aka sake ƙera komai irin na da. Ku lura da nan wurin: ba lokaci aka mayar baya ba, kwafi aka yi. Shi ya sa da ya koma shagon Mr. Smoothy ya kurɓi na inabin da ya saba sha, ya ji ɗanɗanon ya canza.

To idan haka ne, Kaka Max da muka sani tun 2005, wanda ya ɗauki jikokinsa hutu a tsohuwar motar nan Rust Bucket, ya mutu ran nan. Gwen 'yar'uwar Ben ta mutu, abokinsa Kevin ya mutu, haka abokin aikinsa Rook da iyayen Ben. Duk wanda muka gani daga nan har ƙarshen Omniverse a 2014 wani ne daban mai kamarsu, mai tunaninsu. Yaro ɗan shekara 16 ya rasa kowa nasa a lokaci ɗaya, sauran mutanen wurin kuma suna ganin ai makamin ma bai yi aiki ba. Marubutan suka mai da abin raha suka wuce. Wannan ya tsaya mini a rai. Me kuke gani?

Abba Daura:
Wa alaikumus salam. Kai Yaya Nura, ka ɓata mini dare. Na kalli wannan kashin amma ban taɓa kai tunanina can ba.

Aisha Rafindaɗi:
Wa alaikumus salam. Na yarda da kai cewa kwafi ne, domin su kansu sun tabbatar daga baya. Akwai kashin da aka gurfanar da Ben a kotun sararin samaniya, kuma tuhumar ita ce ya sake ƙera komai ba da izini ba. Ba za a kai mutum kotu a kan abin da bai faru ba. Inda ban yarda da kai ba shi ne cewa "wani ne daban". Idan wannan Max ɗin yana tuna ranar da aka haifi Ben, yana tuna matarsa Verdona, yana tuna aikinsa na Plumbers, 'yan sandan sararin samaniya, da faɗansa da babban maƙiyinsu Vilgax, yana kuma dafa irin abincin nan nasa mai tsutsa da jikokin ke gudu, to me ya rage da za ka ce ba shi ba ne?

Nura Ƙofar Marusa:
Wanda aka shafe ɗin ya rage, Aisha. Tunanin na biyu bai tashe shi ba. Da za a yi wani ni a Kano yau da duk abin da ke kaina, ni da ke Katsina ban koma Kano ba.

Kabir Filin Samji:
Ku tsaya, akwai abin da kuka manta a Alien Force, jerin da ya riga Omniverse fitowa. Vilgax ya taɓa tarwatsa Petropia, duniyar su Diamondhead, ɗaya daga dodannin agogon, bayan Tetrax, ɗan wannan duniyar, ya ba shi abin da ya yi amfani da shi. Tetrax ya daɗe yana ɗauke da wannan nadama. Daga baya aka gano cewa Chromastone da ke cikin agogon Ben yana ɗauke da ajiyar duniyar da mutanenta, aka sake shi, ya maido da Petropia da jama'arta. Tetrax bai tsaya yana cewa waɗannan ba 'yan'uwana ba ne. Murna ya yi. Don haka a ƙa'idar wannan labarin, wanda aka maido daga ajiya shi ne dai mutumin. Me ya sa za mu yi wa Max wani hukunci daban?

Abba Daura:
Ai kau Kabir ya kawo hujja.

Nura Ƙofar Marusa:
Hujja ce mai kyau, amma akwai bambanci. Na Petropia ajiya ce da aka tanada tun kafin bala'in, daga jikin duniyar kanta, kuma aikin Sugilite, wato Chromastone ɗin da aka saki, ke nan tun asali. Na Ben kuwa babu ajiyar komai. Ƙirƙira ce daga abin da Alien X ya sani. Da ajiya ce tsaf, da ɗanɗanon inabi bai canza ba. Idan abin sha ya fito da kuskure, wa ya tabbatar mana mutane ba su fito da nasu ba?

Ummi Sabuwar Unguwa:
Wannan tambayar taka ta ƙarshe ita ce ta kawo ni. Ni ina ganin mutane sun fito da kuskure, kuma sunan kuskuren Kevin.

Ku tuna yadda aka ba mu labarinsa a Alien Force. Mahaifinsa Devin Levin abokin aikin Max ne, ɗan jinsin Osmosian, kuma Ragnarok ne ya kashe shi yana kare Max. An nuna mana abin da idonmu, an nuna mana hotonsa a gidan mahaifiyar Kevin, mun ga yadda Kevin ya bi Ragnarok don ɗaukar fansa. A jerin Ultimate Alien kuma aka kawo mugun nan Aggregor, shi ma aka ce Osmosian ne. Sai ga Omniverse ta zo da labarin Rooters ta ce sam babu wani Devin, wai Servantis, shugaban ƙungiyar Rooters ɗin, shi ne ya dasa wa Max da sauran wannan tunanin a ƙwaƙwalwa, Kevin kuma mutum ne kawai da aka haifa da wata baiwa. Mutane da yawa sun ji haushi, ni ma na ji. Amma idan ka ɗora maganar Yaya Nura a kai sai komai ya zauna daidai. A duniyar farko Devin ya rayu da gaske. A kwafin da Ben ya yi ne ya ɓace, sai labarin Servantis ya cike gurbinsa. Labarin Rooters ai bayan kashin Annihilaarg ya zo, ba kafinsa ba.

Aisha Rafindaɗi:
Ummi, wallahi wannan ta fi ta marubutan kyau. Sai dai ta ƙara nauyin abin. Ke nan Ben ne ya raba abokinsa da mahaifinsa ba tare da ya sani ba.

Bashir Ƙofar Kaura:
Ni fa bari in faɗi gaskiya ko za a ji haushina. Abin da kuke ginawa yana da daɗin karantawa, amma dalilin canjin labarin Kevin ba a cikin katun ɗin yake ba, a ofishin masu yin sa yake. Marubutan ƙungiyar Man of Action ne suka ƙirƙiri Ben 10 na farko. Da aka zo Alien Force a 2008 sai ragamar labari ta koma hannun Dwayne McDuffie da Glen Murakami, su suka kawo mana Ben ɗan shekara 15, da maganar cewa Gwen tana da jinin jinsin Anodite, da maganar Osmosian ta Kevin. McDuffie ya rasu a Fabrairun 2011 ana tsakiyar Ultimate Alien. Omniverse wasu hannaye ne, Derrick J. Wyatt ne ya jagoranci zanen, kuma kowa ya ga sun fi karkata ga ruhin na farko. Sababbin mutane suka ga abin da bai yi musu ba suka gyara. Shi ke nan. Har canjin zane ma sun yi masa dabara a kashin kotun nan da Aisha ta ambata, inda lauyan Ben ya nuna cewa jinsin su Alien X sun sha canza kama da muryar Azmuth, wanda ya ƙera agogon, ba tare da kowa ya lura ba.

Ummi Sabuwar Unguwa:
Yaya Bashir, ai ka ƙara mini ƙarfi ne. Da bakinsu suka ce ana canza abubuwa babu wanda ya lura. In za a canza fuskar Azmuth, me zai hana a canza tarihin Kevin?

Bashir Ƙofar Kaura:
Babu abin da zai hana. Ni dai cewa nake ba su yi niyyar haka ba.

Nura Ƙofar Marusa:
Ban musa ba, Bashir. Na san akwai ofis, akwai kuma kamfanin da ke son a sayar da agogon roba da jakar makaranta. Amma abin da aka haska an haska shi. Idan marubuci ya sa yaro ya ga ƙarshen kowa nasa, to ya ɗauki bashi, kuma mai kallo yana da haƙƙin ya tambayi inda aka biya.

Malam Sani Ƙofar Soro:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina bin maganar ban sa baki ba, amma akwai gefen da babu wanda ya taɓa. Mu nan manya ne, mun san zane ne da wasu mutane suka zauna a Amurka suka yi. Amma wa ke kallon Ben 10 a gidajenmu? Yara ne 'yan firamare. Ina koyarwa, ina ganinsu da agogon a hannu suna bugawa suna ihu. Faɗa da dodanni bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne a nuna wa yaron da bai gama sanin tauhidi ba cewa wani abu ya shafe sammai da ƙasa, wani kuma ya sake yin su. Halitta da rayarwa da kashewa na Allah ne Shi kaɗai. Ni wannan kashin ba na barin 'ya'yana su kalla, kuma ina ba iyaye shawara su riƙa duba abin da ke cikin wayar da suke miƙa wa yaro don ya yi shiru.

Abba Daura:
Allah ya saka da alheri Malam. Amma ai da tatsuniya muka tashi, Gizo ya hau sama ya dawo, kuma babu wanda imaninsa ya taɓu.

Malam Sani Ƙofar Soro:
Amin, ƙanena. Tatsuniya da "ga ta nan ga ta nanku" ake buɗe ta, a rufe da "ƙurunƙus", kuma kakarka ce ke ba ka ita tana kallon fuskarka. Yaro ya san inda wasa ya fara da inda ya ƙare. Wannan kuwa shi kaɗai ne da allon waya, babu mai ce masa komai.

Maman Walid:
Malam, maganarka ta taɓa ni, bari in faɗi abin da ya faru a gidana. Bayan rasuwar surukina, Allah ya jiƙansa, ɗana yana ta shiru-shiru, domin shi ne ɗan gaban goshin marigayin, shi ke riƙe masa buta. Ranar nan ina tsince shinkafa a tsakar gida sai ya zo ya tsuguna kusa da tiren. Yana ta murza koren agogon robar nan nasa wanda fitilarsa ta daɗe da mutuwa, bai buga ba, murzawa kawai yake. Can ya ce, "Mama, da Alien X gaske ne, zai iya dawo da Baba Alhaji?" Na ajiye tiren. Na ce masa a'a, babu mai dawo da wanda ya rasu, Allah ne ya ba mu shi kuma Shi ya karɓa, abin da za mu yi masa addu'a ce. Sai ya ce ai ya sani, ko a katun ɗin ma ba daidai ya fito ba. Muka yi wa marigayin addu'a tare, ya tashi ya tafi wasa.

Ban hana shi kallo ba, amma tun daga nan ba ya kallo shi kaɗai. Kuma ku gani, yaro ya lura da abin da Nura ke faɗa tun kafin mu manya mu zauna muhawara a kai.

Malam Sani Ƙofar Soro:
Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa ya huta. Kin yi daidai, Hajiya. Da kowace uwa za ta ajiye tire ta amsa, da damuwata ta ragu.

Aisha Rafindaɗi:
Amin. Allah ya raya Walid.

Kabir Filin Samji:
Amin ya Allah. Malam, akwai abu ɗaya da nake yaba wa masu labarin a nan. Ba su taɓa nuna Alien X a matsayin abin sha'awa marar aibu ba. Ran da ya fara fitowa a Alien Force, Ben ya maƙale a ciki, jikin ya sandare kamar gunki ana ta faɗa a waje, su Serena da Bellicus kuwa suna can suna jayayya a kan tsofaffin batutuwa har da maganar ceton dabbobin dinoso. A wannan kashin ne ma mayaƙan jinsin Incurseans suka fasa Pluto. Da Ben ya samu ya fita sai ya ce ba zai sake taɓa shi ba. Mafi ƙarfi a cikin agogon, amma shi ne wanda ya fi kasa yanke shawara.

Nura Ƙofar Marusa:
Wannan kashin da Kabir ya kawo yana da wani abu kuma. Aikin farko da Alien X ya yi a ciki shi ne mayar da ruwan dam da ya ɓalle, komai ya koma yadda yake. Ke nan yana iya warware abin da ya riga ya faru. To mene ne ya hana a yi haka ran Annihilaarg? Ba a yi ba, sabuwa aka yi. Shi ya sa nake cewa na farkon sun tafi ke nan.

Aisha Rafindaɗi:
To bari in jefo maka wata, Yaya Nura. Ka ce Ben ne kaɗai na asali. Amma can gaba a Omniverse, Vilgax ya tayar da bam ɗin lokaci wanda ya shafe duk wani Ben da ke kowace duniya, sai ɗaya tak, wanda bai taɓa samun agogo ba. Ben ɗinmu ma ya shafe, kafin ya ɓace ne agogonsa ya koma hannun wancan. Shi ne Farfesa Paradox mai tafiya cikin lokaci ya ɗauka suka koma baya har ranar da agogon ya faɗo, suka tabbatar ya isa hannun Ben ɗan shekara 10, sannan ya zama Clockwork, dodon da ke juya lokaci, ya maido da kowa. To Ben ɗin da ya dawo, na asali ne ko shi ma ya bi sahu?

Nura Ƙofar Marusa:
Na asali ne. Clockwork lokaci ya juya, ya janye abin da bam ɗin ya yi. Ba wanda aka ƙera sabo. Kin ga ke nan masu labarin sun san bambancin juyawa da kwafi, tunda sun yi kowanne a wurinsa.

Abba Daura:
Mi ya sa to Ben bai taɓa yin kuka a kai ba? Da mugun nan Malware ya raba shi da dodonsa Feedback yana ɗan shekara 11, shekaru ya yi abin na cin shi, an yi mana zango guda a kan wannan. Dodo ɗaya ke nan daga cikin agogo. Amma ya rasa kakansa da uwarsa da ubansa, abin da ya dame shi inabi?

Ummi Sabuwar Unguwa:
Ni ina ganin ya dame shi, ɓoyewa yake. Ku duba Ben na Omniverse. Ya fi na Alien Force wasa da surutu da cika baki, alhali ya fi shi shekaru. Mutane suna cewa marubuta ne suka mayar da shi yaro. Ni kuma na san mutanen da idan abu ya yi musu nauyi, barkwancinsu ne ke ƙaruwa. Wa zai gaya wa? Ya je ya ce wa Max, kai ba kakana ba ne, kakana ya mutu? Ya faɗa sau ɗaya ba a yarda ba, sai ya haɗiye.

Bashir Ƙofar Kaura:
Da McDuffie na raye ya rubuta wannan kashin, da ba haka zai ƙare ba, wannan kam na yarda. Ku tuna yadda aka rufe yaƙin Highbreed. Jinsin da ke ganin sun fi kowa tsarkin jini, suka ƙi cuɗanya da kowa har suka daina haihuwa, cuta ta yi musu yawa, suka ce tunda za su ƙare sai sun tafi da kowa. Ben bai kashe su ba. Da agogon ya gauraya ƙwayoyin halittarsu da na wasu jinsuna, suka warke. Kuma an tsaya an nuna mana yadda abin ya yi musu ciwo, har suna ganin gara mutuwa da wannan, sai da Reinrassic, ɗan jinsinsu da ya zama abokin Ben, ya zo ya karɓi shugabanci. Haka kuma a Ultimate Alien, da halittun Ultimatrix, agogon Ben na lokacin, suka farka suka ce an tsare su a kurkuku, Ben ya yarda ya ba da ransa don su fita. Lokacin idan an ɗauko abu mai nauyi ana sauke shi a hankali.

Nura Ƙofar Marusa:
To ka zo inda nake, Bashir. Ba na ƙin Omniverse. Ita ta ba mu Rook, ɗan manoma mai ladabi da bai iya ƙarya ba, kuma yana cikin waɗanda na fi so a duk labarin. Abin da nake nema kashi ɗaya ne kawai. Ben ya zauna da Max a cikin Rust Bucket ya gaya masa gaskiya, mu ji abin da tsohon zai ce. Azmuth ma ai an ba shi wannan damar. An nuna mana takobin Ascalon da ya ƙera, yadda ya halaka duniyar Incurseans, yadda masoyiyarsa Zennith ta bar shi, da yadda ya yi Omnitrix, wato agogon Ben, don neman gafara, ya tara samfurin jinsuna sama da miliyan ɗaya domin kowa ya ɗanɗana rayuwar ɗan'uwansa. Wanda ya ƙera agogon an bar shi ya yi nadamarsa a fili. Wanda ke ɗaure da shi an ba shi kofi da tsinken zuƙa.

Aisha Rafindaɗi:
Ni har yanzu ina kan bakana cewa Max ɗin Max ne. Amma wannan zaman da ka ce, da na so in gani.

Kabir Filin Samji:
Ummi, maganarki ta Devin akwai yadda za a gwada ta. A duba kashi shida na farkon Omniverse, kafin Annihilaarg, da kuma wuraren da ake komawa baya lokacin Ben yana ɗan shekara 11. Idan an ambaci Servantis ko Rooters kafin makamin ya tashi, hasashenki ya rushe. Idan ba a ambata ba, yana nan da ƙafarsa.

Ummi Sabuwar Unguwa:
Kashin farkon na yarda a gwada da su. Amma komawa bayan da aka nuna bayan Annihilaarg ba hujja ba ce, domin tarihin sabuwar duniyar ake nuna mana, ba na tsohuwar ba.

Abba Daura:
Ina da zangon farko gaba ɗaya a kwamfuta. Ranar Asabar zan shigo Katsina in sha Allah, wanda ke so ya same ni da filashi wajen Ƙofar Kaura bayan la'asar.

Maman Walid:
Abba, ka sa mini har da na kotun. Zan aiko ƙanena ya karɓa.